Dawar da Muka Wanke Sau Bakwai

Ranar wata Litinin a tsakiyar watan Yuli, ina aji biyar, shekarata goma sha ɗaya, kakata ta shigo ajinmu da ƙwarya a kai, ko sallama ba ta yi ba. An yi ruwa da asuba, ƙafafunta duk jar laka har ƙauri, zaninta a ɗaure tamau kamar mai shirin zuwa gona. Malam Dogo yana gaban allo da alli a hannu, mu kuma muna tsakiyar rera lissafi da ƙarfi. Muryoyinmu suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Ta ratsa tsakanin bencina, ta sauke ƙwaryar a kan teburinsa, bisa littafin kiran suna, ta ɗage faifan da ta rufe ta da shi. Dawa ce a ciki, wankakka, tas da ita, babu tsakuwa babu ƙaiƙayi. Kaka tana jin Hausa, da ita take ciniki a kasuwa, amma in ranta ya ɓaci C'lela kaɗai ke fita daga bakinta. Malamin kuwa baƙo ne, ba ya jin yarenmu. Sai ta waiwaya ta nemo ni da ido, ta ce in taso in gaya masa abin da za ta faɗa, kada in rage ko kalma guda. Na taso, na tsaya tsakaninsu, na ce wa malamina a gaban 'yan aji duka:

"Ta ce an raba yadda ka koyar. Ta ce ka ci."

A wannan ranar ƙanena Bala yana kwance a asibiti. Kwanansa biyar bai ce uffan ba, kuma babu mai iya cewa zai tashi. Irin wannan dawar ce ya sha kununta, kuma ni ce na ce a dama.

Gidanmu yana bayan Rikoto, inda gonaki ke fara hawa jikin dutse. Mu huɗu ne a ciki: Kaka, Mama, ni da Bala. Babanmu soja ne, yana can nesa, sai wasiƙa muke gani, shi kansa sai shekara ta zagayo. Bala shekararsa uku da 'yan watanni, amma bakinsa ya fi jikinsa girma. Tun safe yake zuba, ya tambayi akuya inda ta kwana, ya kwaikwayi tarin maƙwabcinmu Baba Audu, ya rera waƙar coci da kalmomin da ya ƙirƙira da kansa. Unguwa duka Rediyo suke kiransa. In Mama ta gaji sai ta ce a zo a rage masa batir, shi kuma ya ƙara murya.

In na tuna wannan gidan yanzu, sai in ga rabin aikinsa rarrabe abu da abu ne. Kafin in san harafi na san yadda ake tsayawa gefe ga iska a sheƙe dawa, ƙwaya ta zubo a gabanka, ƙaiƙayi ya tafi can. Na san ƙarar faifai in ana bakace, da yadda tsaki ke taruwa a baki ɗaya gari ya koma ɗayan. A bayan ɗakin girki akwai tsohuwar tukunya mai huji a gindi, an shimfiɗa mata ciyawa, an cika ta da tokar karan dawa, ruwa yana ɗiga daga cikinta zuwa kasko, garau, da shi ake miya. Da lokacin kaka ya yi, muna tafasa kaɗanyar da muka niƙa, muna kwashe man da ya taso sama da ludayi. Dije, Bafillatanar da ke kawo mana nono, takan zauna a gindin mangwaronmu ta girgiza gora har man shanu ya dunƙule, ta bar ni in leƙa. Babu wanda ya kira wannan karatu. Amma jarrabawarsa ta fi ta makaranta zafi. Ranar da Kaka ta koya mini regen shinkafa a bakin rafi, tsakuwa biyar ta ƙirga a gabana ta jefa cikin ƙwarya. Sai in juya ruwa a hankali, in karkata, shinkafa ta gangara cikin ɗaya ƙwaryar, mai nauyi ya zauna a ƙasa. In na kawo mata huɗu sai ta mayar da su, ta ce in sake, ta biyar tana jiran haƙorin wani. Yatsuna sun yi tamoji a ruwa ranar, sauran yara suna can suna langa da carafke ina jin ihunsu, amma ban bar bakin rafin ba sai da na ajiye mata biyar a tafin hannu.

Akwai kuma abin da Kaka ba ta ko gwada rabawa. Wata rana fitilar ƙwai ta tuntsure, kananzir ya ɗiga cikin garin tuwo. Mama ta kwashe saman, ta tankaɗe sauran, ta shanya a rana yini guda. Kaka ta ɗibo ta kai hanci, ta ɗauki ƙwaryar ta juye a juji. Na yi kuka don ni na niƙa shi a dutse. Ba ta rarrashe ni ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "In an wanke hanci yana ji, bai fita ba."

Makarantarmu ɗakuna ne na laka da rufin kwano, da fili a gaba inda muke share ciyawa kowace safiya, muna yin gaɗa da 'yar galagala in an fita tara. Ina son ta ƙwarai, kuma tana sona, don ni ke zuwa ta ɗaya. Ni ke karanta wasiƙar Baba in ta zo, Mama da Kaka su zauna su zuba mini ido kamar mai duba. Maƙwabta sukan kawo takardar asibiti in karanta musu. A hankali gidan ya saba da cewa abin da Asabe ta faɗa daga makaranta ba a jayayya da shi. Ni ma na saba. Har na fara gyara wa Mama Hausarta a gaban mutane, ita kuwa tana murmushi.

A wannan zangon ne Malam Dogo ya koya mana gauraye da yadda ake raba shi. Ya zana mayen ƙarfe a allo, mai siffar takalmin doki, da ɗige-ɗige a bakinsa, ya ce garin ƙarfe ke nan yana fita daga yashi. Ya zana mazurari da takardar tacewa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a makarantar, babu ɗayanmu da ya taɓa ganinsu. Sannan ya rubuta jimla guda da Turanci, ya ja mata layi, ya sa muka yi ta rerawa har kwana uku, mai tuntuɓe ya sha tsumagiya a tafin hannu. Ma'anarta ita ce duk abin da aka gauraya ana iya raba shi ta hanya mai sauƙi, kamar tsinta, ko tacewa, ko wankewa da ruwa. Na ɗaga hannu na ce ashe kamar rege ne da ɗigar toka. Aji ya fashe da dariya. Ya ce wancan aikin madafa ne, nan kimiyya ake yi, in bar shigo masa da tukunyar kakata. Na ji kunya har kunnuwana suka yi zafi. Daga ranar na raba su biyu a kaina: na Kaka aikin hannu ne na marasa karatu, na allo shi ne ilimi. Kuma na allo ya ce duk. Bai ce wasu ba.

Daminar bara ba ta yi kyau ba, don haka rumbunmu ya kai ƙasa tun kafin a gama noman farko. Muka koma tafasa da rama da yaɗiya, ana ɗan barbaɗa gari a kai don a ce an ci hatsi. Bala ya daina tambayar akuya, ya koma tambayar tuwo. A cikin wannan halin aka yi shela cewa an kawo ingantaccen irin dawa, kowane gida ya je ya karɓa. Irin shuka, a watan Yuli, bayan dawar kowa ta kai gwiwa! Mama ta je ta dawo da mudu uku a ƙwaryarta. Jajir take, an shafe ta da wani gari mai wari. Mai awon ya gaya musu ta shuka ce ba ta ci ba, akwai maganin ƙwari a jikinta, shi ke nan abin da ya faɗa. Buhun da ke da rubutu ya zauna a wurin masu rabon. Ƙwaryar ta kwana uku a saman rumbu, kowa ya wuce sai ya ɗaga kai ya dube ta. Lokacin shuka ya wuce, shekara mai zuwa tana da nisa, ga yaro yana kuka.

A rana ta huɗu Mama ta kira ni ina dawowa daga makaranta, ko kaya ban cire ba. Ta sauko da ƙwaryar ta ce, "Asabe, ke da kike karatu, wannan maganin in an wanke yana fita?"

Ban yi jinkiri ba. Wannan shi ne abin da har yau ba na yafe wa kaina, ko numfashi ban ja ba. Na ce yana fita mana, gauraye ne kawai, dawa daban magani daban, an koya mana. Har na rera mata jimlar da Turanci, da irin muryar da muke yi a aji, don ta ji nauyin maganar.

Muka kai ta rafi ni da Mama. Wankin farko ruwan ya fito ja kamar an yanka kaza. Na biyu ya yi sauƙi. Muna murzawa da tafin hannu muna tsiyayewa, ina ƙirgawa da ƙarfi. A na biyar ruwan ya fito fari, muka ƙara biyu don hankali ya kwanta. Muka shanya a kan falalen dutse, ta bushe, ta yi kyan da ban taɓa ganin dawa ta yi ba. Na dawo gida ina tafe ina taƙama. Kaka ta dawo daga gona ta tarar da ita a faifai, ta ɗiba ta sunsuna, ta daɗe tana sunsunawa, ta ce har yanzu akwai wari. Na ce warin ƙwarya ne. Ta ce a zuba wa kaza a jira gobe. Kazarmu ɗaya ta rage, tana kwance a kan ƙwai tara, Mama ta ce in ta mutu an yi asara biyu. Ni kuma na ce ba sai an wahalar da kaza ba, ja ya fita kowa ya gani da idonsa, kuma littafi ba ya ƙarya. Kaka ta dube ni, ta dubi Bala da ke tsotsar yatsa a bakin ƙofa. Matar da ta zubar da gari don ɗigon kananzir, ranar ta ja da baya saboda yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya mai allo a kai. Ta ce to ita za ta zama kazar. Ta watsa 'yan ƙwayoyi a baki ta tauna ta haɗiye. Gari ya waye tana lafiya, sai ɗacin baki. Ba ta san abin da na sani daga baya ba, cewa abin da jikin babba zai ɗauka ya wuce, shi zai kayar da yaro, kuma 'yan ƙwayoyi ba kwanon kunu ba ne.

Mama ta niƙa ta dama kunu da safe. Ta sha kaɗan, ta ce ta ƙoshi, kamar yadda iyaye mata ke yi. Na sha ludayi huɗu ina sauri. Bala ya shanye nasa, ya karɓi na Kaka, ya kuma zauna ya suɗe gindin tukunya yana waƙa. Kafin in ɗauki jakata jiri ya ɗebe ni. Da hantsi ina bayan ɗaki ina amai na ji Mama ta yi wani irin kira da ban taɓa ji ba. Bala yana ƙasa a tsakar gida, jikinsa ya sandare yana jijjiga, idanu sun juye, kumfa a baki. In jijjigar ta lafa sai ta dawo. Baba Audu ya zo da kekensa, aka goya yaron a bayan Mama, ya ɗauke su zuwa asibiti a cikin laka. Ni na kwana biyu a tabarma na tashi. Bala bai farka ba.

Abin da ya kawo Kaka ajinmu ke nan da sauran dawar.

Malam Dogo ya ja da baya har ya jingina da allo. Ya ce in gaya mata shi bai taɓa cewa a ci irin shuka ba, abin da ke cikin littafi ya koyar, kuma littafin daidai ne, yarinyar ce ba ta fahimta ba. Na juya wannan zuwa C'lela, na faɗi laifina da bakina. Kaka ba ta ko kalle ni ba. Ta cika hannu da dawar ta kai masa har hanci. Na ga ya shaƙa, na ga ya kau da kai. Ta ce in tambaye shi, a littafin nasa ina wurin da aka rubuta abin da ruwa ba ya fitarwa. Ya ce wannan ba na firamare ba ne, sai an je sakandare ake koyar da shi. A cikin mu arba'in da wani abu, waɗanda suka taɓa ganin ƙofar sakandare daga baya ba su cika hannu biyu ba. Kaka ta ce:

"Tambaye shi, yunwa za ta jira sakandare?"

Na tambaye shi. Sai hedimasta ya shigo yana ba Kaka haƙuri, yana cewa ta fito waje a yi magana. Ta rufe ƙwaryarta ta aza a kai ta fita, ba ta tsaya jin maganarsa ba. Malam ya kakkaɓe littafin kiran suna, ya ce in koma in zauna, muka ci gaba da lissafi daga inda muka tsaya. Bai goge jimlar ba, bai ƙara mata kalma ba. Da jarrabawa ta zo, tambayar ta fito. Na zauna ina kallonta. Sannan na rubuta jimlar yadda take, harafi da harafi, aka ba ni maki cikakke, na sake zuwa ta ɗaya.

Bala ya dawo gida bayan mako uku. Hannunsa na hagu ya lanƙwashe, ƙafa tana ja, Rediyo ya mutu. Shekara biyu ya yi kafin ya sake cewa Mama, kuma har yau maganarsa ɗai-ɗai take fita, sai mai haƙuri ke jira ya ji ƙarshenta. Mama ba ta taɓa ɗora mini laifi ba ko da ido. Da za a rubuta wa Baba, ta zaunar da ni ta ce in rubuta zazzaɓi ne mai zafi ya kama yaron. Na rubuta zazzaɓi. Har Baba ya koma ga Ubangiji abin da ya sani ke nan.

Na yi karatu, na zama nas, aiki ya kai ni wurare. A ɗakin karatun jinya ne aka bayyana mini cikin minti biyar abin da ya faru a rafin nan. Jan launin daban yake, an sa shi don gargaɗi, kuma yana narkewa a ruwa. Gubar kuwa ɗabi'ar maiƙo gare ta, ba ta bin ruwa, tana manne wa ƙwaya tana shiga fatarta. Mu gargaɗin muka wanke, muka bar gubar. Na fita daga ajin na je bayan gini na yi ta dukan bango da tafin hannu. Minti biyar! Kuma ba wani abu ne mai wuya ba. Duk yarinyar da ta taɓa kwashe man kaɗe ta san ruwan sanyi ba ya fitar da shi daga hannu. Da malamin ya bar ni na shigo masa da tukunyar kakata, da daga cikinta za a ciro darasin.

Na san abin da za a ce, malamin yaro ne, da ƙyar ya haura ashirin, shi ma zane aka nuna masa. Na yarda. Na kuma san akwai waɗanda suka fi shi laifi, waɗanda suka kawo iri bayan shuka suka auna wa mayunwata guba a mudu suka juya baya. Amma shi ne aka kai wa dawar har hanci, ya ji warin, ya san tsohuwar ta fi shi gaskiya, washegari kuma ya shiga aji bai ce wa yara arba'in ko kalma ɗaya ba. Wannan ba ƙuruciya ba ce. Da ya ce, yara, jiya na koyi wani abu, da na yafe masa tun tuni.

Na zauna a Legas, na yi aiki a Yamai da Kumasi, na yi shekaru a sansanin 'yan gudun hijira a gabashin Cadi, na je Ingila renon jika. Duk inda na sauka sai na leƙa littafin yara, kamar mai neman wanda ya taɓa marinta. A Yamai na ji ana rera irin jimlar nan da Faransanci, da muryar nan tamu, har tsigar jikina ta tashi. A wani ƙauye kusa da Kumasi na ga malama ta sa kowane yaro ya zo da abu daga madafar uwarsa, manja da ruwa, gari da wake, gishiri da yashi, suka baje a ƙasa suna ta fama, ba ta kashe ko sisi ba. A Ingila jikata mai shekara bakwai ta dawo tana ba ni labarin rariya da mayen ƙarfe na gaske, amma abin da ya tsaya mini shi ne tambayar da aka ba su su kawo amsa gida: wanne ne ya ƙi rabuwa, kuma me ya sa. Ba kayan aiki suka fi mu ba. Tsakar gidanmu ta Rikoto ta fi ajinsu kayan wannan darasin. Sun fi mu ne da barin yaro ya ga inda abu ya gagara.

Yanzu na yi ritaya na dawo gida. Bala yana wurina, gemunsa ya yi fari. Yakan zauna a gindin mangwaron nan da faifai a cinya yana tsince wa matan unguwa shinkafa da hannunsa mai lafiya, kuma ba a taɓa dawo masa da tsakuwa ba. A watan jiya Talatu, 'yar ɗana da ke aji huɗu, ta kawo mini aikin gida in duba. Makarantarsu ta kuɗi ce, an shafe bangonta da fenti, yara suna sa takalmi da safa. Na buɗe littafin. Ga mayen ƙarfe mai siffar takalmin doki, ga ɗige-ɗigensa. Ga jimlar a ƙasa, an ja mata layi. Fiye da shekara hamsin, ba a taɓa ta ba. Na tambaye ta ko ta taɓa riƙe mayen ƙarfe, ta ce a'a. Na tambaye ta ko ta iya rege, ta ce mene ne rege.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, yau gubar ta fi ta zamaninmu yawa. Ana zuba wa wake magani a buhu don kada ya yi ƙwari, mai saye ya wanke sau biyu ya ɗora a wuta. Jarkar maganin feshi in ta ƙare ana ɗauraye ta a zuba kunun zuwa gona, na gani da idona a bayan babur a hanyar Ribah, na tsayar da mai shi, ya ce ai Hajiya an wanke da omo. Samari suna shiga daji wajen Mahuta neman zinariya, suna rege ƙasa a kwano kamar yadda Kaka ta koya mini, sannan su murza zaiba da hannu tsirara su ƙona suna shaƙar hayaƙin. Duk sun zauna a aji. Duk sun rera cewa abin da aka gauraya ana iya raba shi. Na je makarantar Talatu na yi wa malamarsu magana, yarinya mai ladabi, ta rusuna ta ce Mama gaskiya ne, amma manhaja ce, kuma lokaci ba ya isa. Na tsaya a ƙofar ajin ina jin nauyin ƙwaryar da ba ni da ita a kai.

Da na dawo na kira Talatu tsakar gida. Na lakato man kaɗe na cuɗa shi da jan garin da ake rina kunun zaƙi, na shafe mata hannu har wuyan hannu, na ajiye bokitin ruwa na ce ta wanke tana ƙirgawa. Tana dariya ta fara. A na uku jan ya tafi. Ta ɗaga hannu ta ce ta gama. Na ce ta cika bakwai. Da ta cika na ce ta shafa a kumatunta, sannan ta kai hanci. Ta shafa, ta yamutsa fuska, ta sunsuna, ta sake sunsunawa. Kafin ta buɗe baki, daga gindin mangwaro Bala ya ɗago kai daga faifansa. Ya daɗe yana kokawa da kalmomin, muka jira shi.

"Bai... fita ba," in ji shi.

Talatu ta ce to a jarrabawa me za ta rubuta. Na ce ta rubuta musu abin da suke so, amma duk ranar da wani ya sauko da ƙwarya ya tambaye ta, ta tuna da hannun nan. Ta ruga neman sabulu, ni kuma na zauna kusa da ƙanena na jawo faifan muka ci gaba da tsinta.

A da littafinmu rabin magana yake faɗa, amma akwai tsofaffi a gida masu hanci, ko da mun ƙi jin su. Yau littafin yana nan yadda yake, tsofaffin ne suka ƙare, tukunyar toka ta fashe ba a sake wata ba, rafin ma ya zama kwata. Ina jin harsuna biyar, na yi wa mutane bayani da su a ƙasashe da yawa, amma kalmomi uku kawai gidanmu ya buƙata daga bakina. Da ma ranar nan na ce ban sani ba.